Rijiyar da Ta Tafi Tarauni

Maƙwabcinmu yana ɗora bene. Tun safe leburori ke kwaɓa siminti a kusa da ƙofata, warin yana shigowa har ɗaki. Jikokina suna toshe hanci. Ni ba a hanci yake damuna ba. Duk sanda na ji warin jiƙaƙƙen siminti, sai in tuna rijiyar da ya kamata a haƙa mana, aka haƙa wa wasu.

Ni ba mai dogon zance ba ce. Abin da na gani zan gaya muku.

Gyadi-Gyadin da kuka sani yau ba ita ce wadda aka haife ni a ciki ba. Lokacin Bature bai tafi ba. In ka baro birni ka bar ganuwa a bayanka, sai gonaki, sai ɗorawa, sai hanyar jakai. Unguwarmu 'yan gidaje ne a gefe, wasu da katangar ƙasa, wasu da dannin kara. In dawa ba ta yi tsayi ba, daga bayan gidanmu kana hango itatuwan Tarauni. Can gwaggona take aure, ƙanwar babana. Tana da 'ya sa'ata. Taubashiyata ce, kowa a cikinmu tana cewa ɗayar baiwarta ce. Tare muka yi wasan ƙasa, tare aka yi mana kitson fari. Ba ta fi ni komai ba sai baki.

Kakana na wajen uba shi ne mai unguwa. Malam muke ce masa. Dogo ne, siriri, rigarsa kullum fes ko da ta tsufa. Ya gwammace ya kwana da yunwa da a ji a waje cewa unguwarsa tana da aibu. Matarsa, kakata, Iya muke ce mata. Gajera ce, ba ta tauna magana. Mutane na cewa ita na biyo.

Wurin ruwanmu biyu ne. Akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa. Da damina yakan cika, ya yi kore, kwaɗi su cika shi da kuka. A nan awaki ke sha, a nan ake wanki, a nan muke tsoma ƙafa mu cika tulu. Akwai kuma tsohuwar rijiya ta ƙasa, bakinta ya zabtare ta gefe guda, an gitta mata itace. Ba a barin yaro ya je shi kaɗai. Duk da haka sai da ta ci ɗan maƙwabcinmu, yaron da bai daɗe da fara tafiya ba. Aka fito da shi, aka binne, aka ce kwana ne ya ƙare. Malam ya hana a kai maganar gaba.

Sai kurkunu. Ku 'yan yanzu ba ku san shi ba, ku gode wa Allah. Da farkon damina yake zuwa, daidai lokacin da ake neman hannu a gona. Ƙafa ta fara zafi kamar an ɗora garwashi, wurin ya yi bororo, ya fashe, sai ka ga kan tsutsa fara kamar zare. Ba a fizgo ta. Sillen kara ake samu a naɗe ta a kai, kullum a murza kaɗan, a ɗaure sillen a ƙafa da tsumma. Haka za a yi ta yi har ta fito duka. In ta tsinke a ciki, to ka shiga uku. Kowane gida a unguwarmu yana da wanda ke zaune da sille a ƙafa. Ba mu san daga ruwa yake ba. Wasu na cewa raɓa ce, wasu na cewa jinin mutum ne.

A daminar da nake ba ku labari, ya kama ni a ƙafa biyu. Na dama ya fi muni, a idon sawu ya fito. Taubashiyata ma ya kama ta, guda ɗaya, ɗan ƙarami, a bayan ƙafa. Ku riƙe wannan.

Wata rana da hantsi ɗan saƙon dagaci ya zo a kan keke. Ina zaune a zaure ina kore ƙuda daga ƙafata, na ji komai.

Ya ce, "Malam, dagaci ya ce a gaya maka, jibi duba-gari zai zo tare da wani malamin En'e. Ruwan da kuke sha za su duba."

Malam ya ce, "Laifin me muka yi?"

"Ni dai saƙo aka ba ni."

En'e ita ce hukumar da ke kanmu a lokacin, kamar abin da yanzu kuke ce wa ƙaramar hukuma. Duba-gari kuwa ma'aikacin tsafta ne, mai shiga gida-gida yana leƙa randa da bayan ɗaki. Mun san shi. Ya taɓa zuwa ya sami tsutsotsi a randunanmu, ya sa aka kifar da ruwan, aka kira Malam gaban dagaci aka yi masa faɗa a gaban sauran masu unguwanni. Malam bai manta ba. Tsofaffi kuma ba su manta da shekarar agana ba, da aka riƙa ɗauke marasa lafiya ana kai su bukkoki a bayan gari. Saboda haka abu ɗaya muka gada: in hukuma za ta zo, a share ƙofa, a ɓoye mara lafiya, a ce lafiya lau.

Iya ta ce, "To su zo su gani mana. Su sha ma in za su iya."

Malam ya ce, "Ke ba ke aka tsugunar a gaban mutane ba."

Ta ce, "Yaron da ya faɗa rijiya fa, shi wa aka tsugunar a kansa?"

Ya fita ya tara maza.

Ban taɓa ganin unguwarmu ta yi aiki irin na kwanakin nan biyu ba. Aka bar noma. Aka share kowane lungu. Aka kwaɓa ƙasa aka ɗaga bakin tsohuwar rijiya, aka shafe shi sumul, aka sa sababbin itatuwa, aka kewaye gefen da ya zabtare da sabon zana. Hanyar kududdufi aka toshe ta da ƙaya. Mata suka wanke randuna da toka. Samari suka ɗaura tuluna a kan jakai, suka tafi har famfon da ke bakin birni, suka yi ta jigila har kowace randa ta cika da ruwa garai-garai. Ranar na fara ganin gindin randa ta cikin ruwa. Na ce a ba ni in sha. Innata ta ce na baƙi ne.

Da safiyar ranar aka kwashe mu, mu masu kurkunu, zuwa gonar Malam. Dawa ta wuce kan mutum. Masu iya takawa suka dogara sanda. Ni babana ne ya saɓa ni a kafaɗa, yana sauri, don Malam yana son kowane namiji ya tsaya a ƙofar gida da rigarsa. Muna kutsawa cikin dawar, ƙafata ta dama ta bugi kara. Sillen ya maƙale. Babana bai sani ba, ya ci gaba. Na ji abin ya ja, na ji ya saki.

Ya sauke ni ya duba. Ya yi salati. Ya cire hularsa ya mayar. Ya ce, "Yi haƙuri uwata, kada ki yi kuka, za su ji." Ya ɗaure wurin da tsumma, ya koma da gudu.

Ban yi kuka ba. Bakin zanena na cusa a baki na cije. Ina kwance a kunyar gona, ƙasa jiƙaƙƙiya tana sanyaya mini baya, ganyen dawa yana ƙara a sama, tururuwa suna bin ƙafar. Akwai wani tsoho a kusa da ni, tari na cinsa, yana danne shi da hannun riga. Har rana ta take muna nan. Daga nesa na ji ƙararrawar keke, na ji ana gaisuwa, na ji dariyar Malam. Ban cika jin dariyarsa ba.

Innata ce ta ba ni labarin sauran, don ta leƙa ta ramin danga. Malamin En'e ya karɓi moɗa ya ɗaga ruwan ya duba, ya sha. Ya ce, "Mai unguwa, irin wannan kuke sha kullum?" Malam ya ce, "Da ikon Allah." Ya ce, "Masu kurkunu fa?" Malam ya ce, "Allah ya tsare mu bana." Suka je rijiya, suka ga baki shafaffe da sabon zana. Hadari ya taso, suna da sauran tafiya, suka leƙa kawai. Suka tambayi kududdufi, aka ce na dabbobi ne. Duba-gari ya ce da kowace unguwa haka take da ya huta. Suka hau kekunansu suka yi Tarauni.

A unguwar su gwaggona, mai unguwarsu tsoho ne mai son barci. Saƙon dagaci ya same shi, ya ce to, ya manta bai gaya wa kowa ba. Baƙi suka isa suka tarar da su yadda Allah ya yi su. Ruwa kore a randa. Mace tana tace shi da gefen zanenta. Maza uku a gindin bishiya da sille a ƙafa. A ƙofar gidan farko kuma ga taubashiyata, ta miƙe ƙafa tana cin gyaɗa. Malamin ya tsuguna ya taɓa ƙafar, ta ƙwala ihu har tsuntsaye suka tashi. Ita da bakinta ta gaya mini ko zafi ba ta ji ba, tsoron takalminsa ta ji.

Nata kurkunun ya fito duka kafin a yi girbi, tabo kawai ya bari kamar ƙwayar gero. Nawa da ya tsinke ya kumbura ƙafar har gwiwa. Na yi zazzaɓi, na daina gane mutane. Wanzami ya zo ya yi mini sakiya, ya sa ƙarfe a wuta ya huda wurin, maza biyu suna danne ni. Na rayu. Amma idon sawun ya sandare. Tun daga lokacin dugadugina na dama bai sake taɓa ƙasa ba.

Da kaka dagaci ya kira masu unguwanni. Malam ya sa babbar rigarsa, ya tafi yana tsammanin yabo. Ya kuwa samu. A gaban kowa aka ce a yi koyi da shi. Sannan aka faɗi dalilin zuwan baƙin. En'e za ta haƙa rijiya ta siminti, mai zurfi, mai katanga a baki, guda ɗaya a yankinmu a wannan karon, kuma an zo ne a ga inda aka fi buƙata. An gani. Tarauni za a kai ta.

Ya dawo bai ci tuwo ba. Iya ta ji labarin daga bakin babana. Ta shiga turakarsa ba sallama, mu muna tsakar gida muna ji.

Ta ce, "An yaba maka?"

Muka ji ya gyara murya.

"To kawo yabon in zuba a randa."

Ya ce, "Ki fita mini."

Ta ce, "Ba inda za ni. Ba a fara haƙa ba. Ka ɗauki yarinyar nan ka kai ta gaban dagaci, ka kwance ƙafar ya gani. Ka gaya masa maganar yaron da ya faɗa. Ka ce kuskure ka yi."

"In ce na yi wa hukuma ƙarya?"

"Da me ka yi?"

Kwanaki tana binsa da wannan magana, safe da yamma. Ranar nan sai ya ce a ɗaura wa jaki akumari. Aka ɗora ni. Innata ta wanke mini fuska, Iya ta hana a canja tsumman ƙafar, ta ce a bar shi yadda yake. Malam yana gaba da sandarsa, ni ina baya, muka bi ta cikin gonakin da aka girbe. Raina fari tas. A zuciyata na riga na ga rijiyar a ƙofar gidanmu, na ga taubashiyata ta zo da tulu tana roƙona.

Muka isa ƙofar dagaci. Mutane na zaune a inuwa. A cikinsu har da mai unguwar su gwaggona, tsohon nan mai barci, ana ta yi masa barka yana washe baki. Malam ya tsaya. Na ga wuyansa ya miƙe. Ya ɗaure jakin a gindin bishiya, ya je ya faɗi ya yi gaisuwa.

Dagaci ya ce, "Malam, lafiya da rana haka?"

Na jira. Na fara kwance tsumman da kaina.

Malam ya ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Na zo ne in taya 'yan'uwanmu murna."

Dagaci ya hango ni. Ya ce, "Jikar taka fa, me ya sami ƙafar?"

"Daga bishiya ta faɗo. Yara ba sa jin magana."

Na mayar da tsumman na ɗaure. A hanyar komawa bai waiwayo ba. Da muka shiga gida Iya ta dubi fuskarsa, ta dubi tawa, ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Da rani aka fara aikin. Daga bayan gidanmu muna hango jar ƙasar da aka tara, muna jin ƙarar ƙarfe. Shugaban maginan mutumin kudu ne, Kirista, daga Sabon Gari yake zuwa kullum a kan keke da malafa a kansa. Yaran unguwarmu suna gudu su je kallo, su dawo suna kwaikwayon Hausarsa. Ni ba na iya gudu. Ina zaune a kan turmi ina hange.

Malam ya kafa doka: ba wanda zai ɗebo ruwan can. Ya ce ruwan siminti yana busar da hanji. Matan unguwa suka ce to. Sai ga shi kowace mace ta tuna tana da dangi a Tarauni, kuma ba a zuwa gaishe da dangi sai da tulu. Iya da kanta take zuba masa a butarsa. Yana sha, bai taɓa tambaya ba. Amma da nisa. In aiki ya yi yawa, ko damina ta sauka, kududdufin dai muke komawa.

Sau ɗaya na je ganin rijiyar tana sabuwa. Innata ta ce in daure, muka tafi a hankali, ina ɗingishi ina hutawa. Tun kafin mu isa warin simintin ya tare ni. Katangar bakin ta kai mini ƙirji. Ko yaro ya so faɗawa sai ya yi da gaske. An yi mata daɓe a kewaye, da 'yar hanyar da ruwa zai bi ya tafi. Na leƙa. Can ƙasa na ga sama da kaina a ciki.

Taubashiyata ta fito da gudu, da gudu fa, ƙafa biyu. Ta ce, "Baiwata ta zo! Zo ki ga abin da uwargijiyarki ta yi."

Ta ja ni gefen daɓen. Sawun ƙafa ne a cikin simintin, ɗan ƙarami, yatsu biyar ras. Ta ce ranar da ake daɓen, maginin ya tambaya wace yarinya ce aka ce ƙafarta ta kawo rijiya. Aka nuna ta. Ya ɗaga ta ya dangwala ƙafarta a ciki tun bai bushe ba, mutane suna dariya suna tafi.

Ta ce, "Ko na mutu ana ganina. Ke me ƙafarki ta kawo?"

Gwaggona ta ce, "Ke, rufe mana baki, mara kunya."

Ta ce, "Wasa nake yi, ai taubashiyata ce. Sa taki mu gani."

Na sa. Yatsun suka shiga daidai, don ƙafarmu ɗaya ce. Dugadugin ya tsaya a sama. Ta jawo guga ta miƙo mini ruwa a ƙoƙo. Sanyi, ba wari, ba komai a ciki. Na shanye. Ban taɓa shan abin da ya yi mini daɗi ya kuma ƙona mini rai lokaci ɗaya irin ruwan nan ba.

Na yi ƙyashinta ranar, kuma ban daina ba. Ba don ta fi ni kyau ko ta fi ni miji ba. Ciwona ya fi nata. Ni ya kamata a tarar a bakin ƙofa. Ita an gan ta ne kawai saboda mai unguwarsu malalaci ne, ni kuma nawa mai ƙwazo ne. Unguwarmu ta sami tata rijiyar daga baya, bayan Malam ya rasu, ni kuma na bar gida. Kafin nan kurkunu ya kwantar da mutane da yawa, tsohuwar rijiyar kuma ta rufta gaba ɗaya wata damina, Allah ya sa ba kowa a bakinta.

Yanzu ba gona ko ɗaya tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni. Gida ya haɗe da gida har Darmanawa, har Hotoro. Inda kududdufin yake shaguna ne. Kurkunu ya tafi, jikokina sun ɗauka tatsuniya ce. Taubashiyata tana nan da ranta, Hajiya ce, har yau da ƙafarta take zuwa biki. In ta zo gaishe ni takan ce, "Baiwata, har yanzu kina fushi?" In ce mata, "Har gobe." Mu ci goro.

Bara lambatun layinmu ya rufta. Ya zama rami, in an yi ruwa ba a ganin bakinsa. Yara biyu suka faɗa, an dai ciro su da rai. Mai unguwa na yanzu, yaro ne ɗan boko, ya yi ta kai kuka, har aka ce mutanen ƙaramar hukuma za su zo dubawa. Da safe na ji motsi a waje. Na fito na tarar da samarin layi da shebur da tsintsiya, wani ya kawo katako zai rufe ramin, wai kada baƙi su ga ƙazanta.

Na ce, "Ku ajiye."

Suka ce, "Hajiya, abin kunya ne."

Na ce, "Wanda ya taɓa ramin nan sai na rotsa masa kai da sandar nan. Ku kira uwayen yaran da suka faɗa, su zo da su."

Suka yi dariya, amma suka ajiye. Na sa aka fito mini da kujera bakin ramin. Na zauna, na miƙe ƙafar dama, na janye zane har gwiwa.

Mutanen hukuma suka zo da mota. Suka ga ramin, suka toshe hanci, suka ɗauki hoto. Wani matashi a cikinsu ya durƙusa ya gaishe ni. Idonsa ya sauka a kan ƙafar.

Ya ce, "Sannu Hajiya. Me ya same ki a nan?"

Na ce, "Zauna, yaro. Tun ba a haifi ubanka ba nake jiran hukuma ta yi mini wannan tambayar."